Tsokaci a Kan Keɓaɓɓun Kalmomin Kimiyyar Firamare na Hausa ta Fuskar Darasin Gwaji: Misali Daga Sorau

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko kuma harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa, masana harsunan Nijeriya suka ɗauki samar da keɓaɓɓun kalmomi a matsayin babban aikin da ke gabansu. Dalilin haka a fili yake. Duk sa'ad da aka ce a koyar da kimiyya da Hausa, tambayar da masu shakka kan fara jefowa ita ce, "To, me za ku kira abu kaza?" Ƙoƙarin amsa wannan tambaya shi ya haifar da littafin nan mai suna A Vocabulary of Primary Science and Mathematics in Nine Nigerian Languages, wanda kamfanin Fourth Dimension na Inugu ya buga a 1987 cikin juzu'i uku. Harsunan tara su ne Edo da Efik da Fulfulde da Hausa da Ibo da Izon da Barbarci da Tibi da Yarbanci. Bayansa kuma, a 1990, aka sami Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ko da yake shi wannan fagen harshe da adabi da hanyar koyar da su ya fuskanta.

Wannan maƙala ba za ta bi kalmomin da aka samar ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da za ta auna shi ne tsarin aikin kansa, wato a jero kalmomin Ingilishi a gefe guda, a nemo wa kowace abokiyar zama a ɗaya gefen. Ma'aunin da za a yi amfani da shi kuwa shi ne darasin gwaji, irin wanda yaro ke yi da hannunsa, da ƙwallon gilas da ƙwallon boris da tsagin gora da gwangwanin madara. Ra'ayin da maƙalar ke son kafawa shi ne, jerin kalmomi ya amsa tambayar mai shakka, amma bai biya buƙatar mai koyarwa ba, domin kuwa harshen gwaji yana cikin aikatau da ginin jimla ne fiye da yadda yake cikin suna. Antia (2000) ya riga ya yi irin wannan suka a kan ayyukan keɓaɓɓun kalmomi na Afirka gaba ɗaya, inda ya nuna aibin raba kalma da tunanin da take ɗauke da shi da kuma matanin da za ta shiga. Abin da ya rage shi ne a gwada sukar a ƙasa, cikin Hausa, a kan darasi guda.

2.0 Me Ya Sa Sorau?

Sorau gari ne a Ƙaramar Hukumar Maiha ta Jihar Adamawa, kudu da Mubi, kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru. Yankin Mubi da Maiha na cikin ƙasar da ta zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Ta fuskar harshe, Fulfulde ita ce daɗaɗɗiyar hanyar cuɗanya a wannan ƙasa, ga kuma Nzanyi, wanda ɗan gidan Cadi ne kamar Hausa, da ake magana da shi a Maiha. Hausa ta shigo ne ta kasuwa da tasha da rediyo da makaranta, kuma ga yara da yawa harshe na biyu ce ko na uku.

Wannan shi ya sa wurin ya dace da awon. A Kano ko Katsina, idan ƙirƙirarriyar kalma ta gaza, yaro na da rumbun Hausar gida da zai koma ya ɗebo ma'ana. A aji irin na Sorau babu wannan rumbu ga kowa, saboda haka duk kalmar da ba ta jingina da wani abu da yaro ya gani ko ya taɓa ba, nauyinta a kansa daidai yake da na kalmar Ingilishin da aka fassara. Ashe ke nan an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

3.0 Gwajin Gangara

Gwajin da aka zaɓa tsoho ne ƙwarai. Galileo ya bayyana shi a littafinsa na ƙarshe, wanda aka buga a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1638. Ya sami katako mai tsawon kimanin kamu goma sha biyu, ya fafe masa kwari, ya shimfiɗa fata mai santsi a ciki, ya ɗaga kansa ɗaya, sannan ya riƙa sakin ƙwallon tagulla yana gangarowa. Da yake babu agogon da zai iya auna ɗan lokaci kamar wannan a zamaninsa, sai ya yi amfani da ruwa: babban mazubi mai siririn bututu a gindi, a tari ruwan da ya zubo daga sakin ƙwallo zuwa isarsa, a auna shi a sikeli. Abin da ya gano shi ne, ƙwallo kan cinye rubu'in tsawon katakon ne a cikin rabin lokacin da yake ɗauka ya cinye dukkansa. Masanin tarihin kimiyya Alexandre Koyré ya yi shakkar cewa irin waɗannan kaya za su iya ba da sakamako na ƙwarai, har sai da Thomas Settle ya maimaita gwajin a 1961 da katako da tukunyar shuka fure, ya kuwa sami abin da Galileo ya faɗa.

Babu abin da ke cikin wannan gwaji da ya fi ƙarfin makarantar ƙauye. Tsagin gora ko kwarin kwanon rufi mai tsawon mita biyu, idan aka ɗaga kansa da santimita goma, ƙwallo zai ɗauki sakan uku da ɗoriya kafin ya kai ƙarshe, kuma wannan lokaci ne da gwangwanin da aka huda da ƙusa zai iya aunawa. Tambayar ita ce, da wane harshe malami da yara za su gudanar da shi? A duba waɗannan jimloli:

(1) a. Ƙwallo ya gangara.
b. Ƙwallo ya gangaro.
c. Audu ya gangarar da ƙwallo.
d. Audu ya tura ƙwallo.
e. Audu ya saki ƙwallo.

Bisa rabon da Parsons (1960) ya yi wa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, (1a) giredi na ɗaya ne, (1b) na shida, (1c) kuma na biyar. Manazarcin harshe ya saba kallon wannan a matsayin batun ƙirar kalma kurum, amma kowane ɗaya na ɗauke da wani bayani da masanin kimiyya ke buƙata. Bambancin (1a) da (1b) shi ne inda mai kallo yake tsaye: yaron da ke bisa zai ce ya gangara, na ƙasa mai riƙe da gwangwani zai ce ya gangaro, alhali motsin guda ne. Wannan shi ne tushen batun nan mai wuya na cewa ba a bayyana motsi sai an faɗi daga ina ake kallonsa, kuma Hausa ta ɗora shi a kan wasali guda na ƙarshen kalma. Bambancin (1a) da (1c) kuma shi ne tsakanin motsin da ba a ambaci mai haddasa shi ba da wanda aka ambata. Amma mafi muhimmanci ga nasarar darasin shi ne bambancin (1d) da (1e). Idan yaro ya tura ƙwallon, ko da kaɗan ne, lissafin rubu'i da rabi ya rushe, domin sharaɗin gwajin shi ne ƙwallo ya fara daga tsaye. Duk darasin ya rataya ne a kan kalmomin "tura" da "saki", kuma babu kwamitin keɓaɓɓun kalmomi da zai ga dalilin zama a kansu, tun da kowa ya san su.

A nan ma akwai wani tarko da ƙa'idar rubutu ta ɗana. Umurni biyu da malami zai fi yawan bayarwa a wannan darasi su ne a saki ƙwallo, da kuma a maimaita gwaji. Idan aka rubuta "ka sake shi", duka biyun ne, domin daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali ko karin sauti. A baki, na sakin yana da gajeren wasali a gaɓar farko, na maimaitawa yana da dogo. Bahaushe ɗan asali zai raba su ba tare da ya sani ba. Malamin da Hausa ta zame wa harshe na biyu, yana karanta jagoran malami, ba lalle ne ya raba ba. Marubucin da ya taɓa tsayawa gaban aji zai kauce wa wannan ta hanyar cewa "cika shi" ko "ɗauke hannunka" a wuri guda, da "maimaita" a ɗaya wurin. Mai jera kalmomi ba zai taɓa cin karo da matsalar ba.

Sai batun lokaci. Kalmar "daƙiƙa" a Larabci minti take nufi, kuma akwai masu amfani da ita haka a Hausa, musamman waɗanda suka yi karatun zaure, alhali a rediyo an fi jin ta da ma'anar sakan. A gwajin da duk tsawonsa bai kai sakan huɗu ba, wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne, kuma aron "sakan" ya fi aminci. Mafi kyau ma a fara ba tare da agogo ba. Stillman Drake ya kawo ra'ayi a 1975 cewa mai yiwuwa Galileo, wanda mahaifinsa makaɗi ne, ya fara raba lokaci ne da kiɗan waƙa kafin ya koma ga ruwa. Yaran da suka saba da tafin gaɗa sun iya riƙe kari ba tare da ya karkace ba. Idan suna tafi, wasu kuma suna sa alama da gawayi a inda ƙwallo yake a kowane tafi, za su ga tazarar alamomin tana buɗewa: in ya ci taƙi ɗaya a tafin farko, zai ci uku a na biyu, biyar a na uku, bakwai a na huɗu. Jimilla ke nan ɗaya, huɗu, tara, goma sha shida. Da wace jimla yaro zai faɗi abin da ya gani?

(2) a. Yana sauri.
b. Yana ƙara sauri.
c. Sai ƙara sauri yake yi.
d. Iya tsayin tudun, iya saurin da zai iso da shi.
e. Da ba a ɗaga goran ba, da bai motsa ba.

Jimla ta (2b) da ta (2c) sun riga sun faɗi abin da littattafan sakandare ke ba suna na musamman, wato ƙaruwar sauri a kan lokaci, kuma sun faɗe shi da aikatau "ƙara". Jimla ta (2d) ita ce hanyar da Hausa ke nuna abu biyu masu tashi tare, ta (2e) kuwa ita ce sharaɗin abin da bai auku ba, wanda in babu shi babu yadda za a yi hasashe. Waɗannan sigogi su ne yaron Sorau ke buƙatar a koya masa da gangan, domin Hausar kasuwa ba ta cika kai mai koyo ga "da ... da ..." ba. Babu ɗayansu da ke da gurbi a jerin kalmomi.

Inda Hausa ke da rauni na gaskiya a wannan darasi shi ne kalmar "ninki". Asalin "ninka" na tufa ne, kuma zanen da aka ninka sau biyu ya zama falle huɗu. Saboda haka idan aka ce "ninki biyu", wani zai fahimci biyu, wani huɗu. A yawancin zance wannan ba ya ɓata kome. Amma ƙa'idar Galileo cewa take yi in lokaci ya zama biyunsa, nisa zai zama huɗunsa, wato daidai wurin da shubuhar take. A nan ne ake buƙatar masana su yanke hukunci guda, ko dai a tsayar da "ninki biyu" a kan ma'ana ɗaya, ko a koma ga "sau biyu" da "sau huɗu".

4.0 Ƙarfi da Nauyi da Maganaɗisu

Idan ƙwallo ya sauka daga gora ya ci gaba da mirginawa a ƙasa har ya tsaya cak, an shiga fagen kalmar da ta fi kowace wahala:

(3) a. Ya tura shi da ƙarfi.
b. Ƙwallon ya zo da ƙarfi.
c. Ƙarfinsa ya ƙare, ya tsaya.
d. Boris ya fi gilas ƙarfi.
e. Injin nan ya fi wancan ƙarfi.

Kalma guda ce, amma a wurin masanin kimiyya abubuwa daban-daban ne: turi a (3a), abin da motsi ke ɗauke da shi a (3b), tauri a (3d), yawan aiki cikin ƙayyadadden lokaci a (3e). Kalmar "semmbe" ta Fulfulde ma haka take da faɗi, don haka komawa gare ta ba zai warware kome ba. An daɗe ana kawo wannan a matsayin hujjar gazawar Hausa. Tarihi bai goyi bayan wannan zargi ba. Lokacin da Helmholtz ya wallafa shahararriyar maƙalarsa a 1847 a kan cewa abin da ke sa a iya aiki ba ya ɓacewa sai dai ya sauya kama, kalmar Jamusanci da ya yi amfani da ita ita ce "Kraft", wadda ba ta da wata ma'ana da ta wuce ƙarfi, kuma ita ce dai ake amfani da ita ga turi da ja. Wato shekara 160 bayan littafin Newton na 1687, manyan masanan Turai na cikin ruɗanin da ke cikin (3a) da (3b). Ba kwamiti ne ya fitar da su ba. Gwaji da lissafi ne suka tilasta musu raba abubuwan, sannan sunaye suka biyo baya.

Jimla ta (3c) ita ce mai haɗari, domin daidai take a nahawu, kuskure ce a kimiyya. Tana nuna cewa akwai wani abu da aka zuba wa ƙwallo wanda ke ƙarewa da kansa, kamar mai a fitila. Wannan ra'ayi ma yana da dogon tarihi, tun daga John Philoponus na Iskandariyya a ƙarni na shida, kuma Ibn Sina da Jean Buridan duk sun yi ta fama da shi kafin a kai ga ƙa'idar Newton ta farko, wadda ta ce abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tsayar da shi. Maganin (3c) ba sabuwar kalma ba ce. A saki ƙwallo daga tsayi guda sau uku, ya sauka a kan siminti, sannan a kan tabarma, sannan a kan yashi. Tafiyar za ta bambanta ƙwarai, alhali "ƙarfin" da ya taso da shi guda ne. Daga nan sai tambaya, kuma siffarta ita ce kome:

(4) a. Me ya sa ya tsaya?
b. Me ya tsayar da shi?

Tambaya ta (4a) tana karɓar (3c) a matsayin amsa. Ta (4b), saboda giredi na biyar ne, tana neman aikau daga waje, tana tilasta wa yaro ya ɗauke ido daga ƙwallo ya dubi ƙasa, ya ambaci kaushi da santsi. (Abin lura ga malamin Sorau: Fulfulde ba ta da sautin /ts/ da /ƙ/, kuma "tsayar" da "sayar" ba su bambanta da kome ba sai wannan sauti. Ajin zai yi dariya sau ɗaya, daga nan an koyi furuci.) Kalmar "gogayya", wadda wasu ke amfani da ita ga wannan tirjiya ta ƙasa, ba ta da laifi in ta zo bayan yaro ya shafa siminti da tabarma da hannunsa. In ta zo kafin haka, abin da zai fara zuwa ransa shi ne gasa tsakanin mutane.

Haka nan "makamashi". Kafofin watsa labarai sun faɗaɗa ta daga ƙirare da karmami na hura wuta zuwa fetur da gas da lantarki, kuma faɗaɗawar ta karɓu. To amma ƙwallon da ke zaune a kan gora, wanda ɗagawar da aka yi masa ta ba shi ikon ture kwalin ashana a ƙasa, ba ya ci da wuta, kuma yaron da aka ce wa yana da makamashi yana da haƙƙin ya yi mamaki. Kalma na iya dacewa da labaran duniya ta gaza a aji uku.

Mafi muni duka shi ne "maganaɗisun ƙasa", wanda ya yaɗu a rubuce-rubuce da fassarori da nufin jan da ƙasa ke yi wa abubuwa. Wannan ba faɗin ma'ana ba ne, kuskure ne tsantsa, domin ya haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka a matakin da ake magana, ga shi kuma duniya tana da maganaɗisu na gaskiya wanda ke juya allurar nuna alƙibla, wanda shi ma zai buƙaci sunan. Mayen ƙarfe guda da aka ciro daga tsohuwar rediyo ya isa ya rushe kalmar a gaban yara: zai ɗauki boris, ba zai ɗauki gilas ba, amma in aka sake su duka biyun za su faɗi. "Jan ƙasa" ya fi gajarta, ya fi gaskiya, kuma an gina shi a kan aikatau da yaro ya sani.

Game da "nauyi", an ɓata lokaci mai yawa wajen neman kalmomi biyu, ɗaya ga yawan abin da jiki ya ƙunsa, ɗaya ga jan da ƙasa ke yi masa. Bambancin gaskiya ne, tun da abin da aka kai duniyar wata nauyinsa kan koma kimanin sudusi alhali bai ragu da kome ba. Sai dai babu gwajin da ɗan firamare zai yi a Sorau da zai nuna masa wannan, saboda haka ana iya jinkirta shi zuwa ƙaramar sakandare. Shubuhar da ke damun ɗan firamare wata ce daban: "ƙarfe ya fi itace nauyi" gaskiya ne, "gungumen nan ya fi ƙusar nan nauyi" shi ma gaskiya ne. Boris da ƙwallon gilas masu girma ɗaya, na ƙarfen ya kai nauyin na gilas sau uku, kuma duk da haka in an sake su tare a gangara kusan tare za su iso, abin da kan ba yara mamaki ƙwarai. Don bayyana nauyi na farko, kasuwa ta riga makaranta: kowane yaro ya san mudun gero da mudun dusa awo ɗaya ne, nauyi daban. "Nauyin mudu guda" ba kalma ɗaya ba ce, ba za ta yi kyau a ƙamus ba, amma tana ɗauke da ma'anar dukkanta. (Ba laifi a ambata cewa kamar yadda Bahaushe ke "jin nauyin" surukinsa, haka tushen "tedd-" na Fulfulde ya ba da nauyi ya kuma ba da "teddungal", wato girmamawa.)

Giredi na bakwai ma taska ce da ba a taɓa ba. "Yana matsuwa", "ba ya lanƙwasuwa", "ba ya turuwa": da waɗannan yaro zai iya rarraba soso da roba da kara da dutse bisa halayensu tun kafin a ƙirƙiro sunan ko ɗaya daga cikin halayen.

5.0 Littafin da Ake Buƙata

Adalci ne a faɗi cewa aikin 1987 ya yi abin da aka sa shi. Ya nuna cewa harsunan nan tara ba su gaza ba, kuma dole ne a sami matsaya guda a kan sunaye in ana son yaron Maiha da na Argungu su amsa tambayar jarrabawa ɗaya. Laifin ba na waɗanda suka jera kalmomin ba ne kaɗai. Laifin shi ne an ɗauki harsashi a matsayin gini.

Abin takaici shi ne duk sassan ginin sun taɓa samuwa, sai dai ba a wuri ɗaya ba. Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1949, ya tabbatar da cewa ana iya bayanin halitta da Hausa mai daɗi wadda ba ta ƙamshin fassara, ko da yake littafin karatu ne, ƙarfinsa na ga bayani. A 1965, a birnin Kano, aka yi taron da ya kafa shirin kimiyyar firamare na Afirka, wanda ya tsaya a kan cewa yaro ya koyi kimiyya da hannunsa ta amfani da kayan da ke muhallinsa, amma da Ingilishi aka tsara kayan aikinsa. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa, wanda ya ba Hausa gurbi a ƙananan azuzuwa. A Ife kuma, daga 1970, shirin da Babs Fafunwa ya jagoranta ya koyar da kimiyya da lissafi da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma abin lura a can shi ne an ƙirƙiri kalmomin ne a yayin rubuta darussa, ba kafinsu ba.

A Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun firamare shida, a Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke ta da komawa ga Ingilishi, bisa hujjar yawan faɗuwa a jarrabawa. Masana harshe sun yi ta mayar da martani, amma akwai tambayar da ta kamata su yi wa kansu: a tsawon shekarun da ƙofar take buɗe, tun daga 1977, wane jagoran malami na darasin gwaji aka sa a hannun mai koyarwa a wuri irin Sorau? Sanannen abu ne cewa ko me takarda ta ce, malamin ƙauye zai karanta da Ingilishi ne ya yi bayani da harshen da yara ke ji. Wannan bayani na baka shi ne ainihin darasin, kuma shi ne aka bar wa kowane malami ya ƙago da kansa.

Jagoran da ake nufi zai fara ne da kaya da umurni da tambayoyi, a rubuce kamar yadda za a furta su, sannan jimlolin da ake sa ran ji daga yara, na daidai da na kuskure irin (3c), sannan suna a ƙarshe in akwai buƙatarsa. Ga yankin Mubi da Maiha ya kamata ya zo da Hausa da Fulfulde shafi na kallon shafi. Wannan zai yiwu, domin Arnott (1970) ya nuna yadda aikatau na Fulfulde ke da sigogi uku na dangantakar aikau da aiki, ga kuma ɗafe-ɗafen da ke nuna haddasawa da nisa, wato tana da nata hanyoyin raba (1a) da (1c) da (4a) da (4b). Na Nzanyi kuwa sai an zauna da malamai 'yan harshen, kuma Kwalejin Ilmi ta Hong da Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi su ne mafi kusa da wannan aiki.

Shi kansa ƙwallon gilas ɗin, wanda aka gina wannan tsokaci a kansa, "ƙwallon gilas" bayani ne kawai, ba suna ba. Abokinsa na ƙarfe kuwa ya sami suna tuntuni daga bakin makanikai da masu gyaran keke, kuma yaran da ke haɗa motar katako da boris sun riga sun san yadda yake gudu a kan siminti da yadda yake cijewa a cikin yashi.